Haddin Gudu a Kan Hanya, Amana ce a Wuyan Direba

(Kiɗan buɗe shiri)

  Muna miƙa gaisuwa ta musamman ga iyayenmu da ƴan'uwanmu direbobi, waɗanda a wannan sa'a wani yana tasha yana jiran lodi ya cika, wani kuwa ya riga ya kama hanya, rediyo na kunne, hannu bisa sitiyari. Allah ya kai kowa masaukinsa lafiya.

Batunmu na yau ya shafi wani ɗan allo ne kewayayye, fari mai jan baki, wanda ake kafawa a gefen titi da lamba a tsakiyarsa, wani wuri 50, wani wuri 80, wani wuri 100. Kowa yana ganinsa, amma kaɗan ne ke ba shi haƙƙinsa, domin da yawa daga cikinmu sun ɗauka cewa wannan lamba ado ce kurum, ko kuwa tarko ne da ma'aikata suka ɗana domin su sami dalilin tsayar da mutum. Abin da muke so mu tabbatar a yau, da hujja ta hankali da ta shari'a, shi ne cewa wannan lamba awo ce ta iyakar abin da idon ɗan Adam, da ƙafarsa, da burkin motarsa, da ƙashin jikinsa za su iya ɗauka, kuma duk wanda ya ƙetare ta da gangan, to ba da ransa kaɗai yake caca ba, har da rayukan bayin Allah waɗanda ba su ji ba ba su gani ba.

Bari mu fara da abin da doka ta tanada a Nijeriya. Bisa ƙa'idojin hanya na ƙasa, duk inda aka shiga cikin gari, ko wurin da gidaje da jama'a suka yawaita, ƙaramar mota da tasi da bas da babur ba su da izinin wuce kilomita 50 a cikin awa ɗaya, tirela da tanka kuwa 45. A babbar hanya ta tsakanin garuruwa, ƙaramar mota da tasi da bas haddinsu 80 ne, tirela da tanka 50. A tagwayen hanya, inda masu zuwa da masu dawowa kowa da nasa ɓangaren, ƙaramar mota ta gida tana iya kaiwa 100, tasi da bas 90, tirela da tanka 60. Mai sauraro zai lura cewa ba a yi wa kowa kuɗin goro ba, an dubi nauyin mota, an dubi yawan rayukan da ta ɗauka, an kuma dubi irin wurin da take ratsawa, sa'an nan aka yanka wa kowacce nata rabon. Inda kuwa aka kafa allo mai lambar da ta gaza waɗannan, kamar gaban makaranta, ko bakin kasuwa, ko wurin da ake gyaran hanya, to lambar allon ita ce abin bi.

Hukumar da aka ɗora wa nauyin lura da wannan al'amari ita ce Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, wadda aka kafa a shekarar 1988, Farfesa Wole Soyinka ne ya fara shugabantarta, kuma tun daga 2017 take tilasta wa motocin haya sanya na'urar da ke taƙaita gudu. Ba ƙasarmu kaɗai ce ke fama da wannan musiba ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana a rahotonta na 2023 cewa kimanin mutum miliyan 1.19 ne ke rasa rayukansu a haɗurran hanya kowace shekara, kuma a tsakanin masu shekara 5 zuwa 29 babu wata cuta, babu wani yaƙi, da ke kashe mutane kamar yadda hanya ke kashe su. Wato titi ne ya fi komai cinye yara da samari da ƴan mata, waɗanda iyaye suka sha wahalar renonsu, ana sa ran lokaci ya yi da za a ci moriyarsu.

To, mene ne ya sa gudu ke kisa? Abu na farko da ya kamata kowane direba ya sani shi ne, tsakanin lokacin da idonsa ya hango hatsari da lokacin da ƙafarsa ta sauka a kan burki akwai wani ɗan tsakani da ba makawa sai an yi shi, domin sai ido ya kai labari ga ƙwaƙwalwa, ƙwaƙwalwa ta gane abin da aka gani, ta yanke shawara, sa'an nan ta umarci ƙafa ta bar totur ta koma burki. Ga mutum lafiyayye, wanda ya yi barci ya ƙoshi, hankalinsa na kan hanya, wannan yakan ɗauki kamar sakan ɗaya, ga gajiyayye ko mai waya a kunne kuwa ya fi haka nesa ba kusa ba. A cikin wannan sakan ɗaya mota ba ta rage komai daga gudunta ba. Mai tafiya a kan 50 ya riga ya ci mita 14, mai tafiya a kan 100 ya ci mita 28, wanda ya kai 120 kuwa ya shafe mita 33, alhali ko taɓa burki bai yi ba tukuna.

Abu na biyu ya fi wannan ban tsoro, kuma shi ne wanda yawancin mutane suka jahilta. Hankalin mutum yakan raya masa cewa idan ya ninka gudu sau biyu, nisan da mota za ta ja kafin ta tsaya shi ma sau biyu zai ninku. Ba haka Allah ya tsara al'amarin ba. Masana ilmin motsi sun tabbatar tun ƙarnoni da suka shuɗe cewa ƙarfin da ke tattare da abu mai tafiya yana ƙaruwa ne da gudun an buga shi da kansa, wato idan gudu ya ninku sau biyu, ƙarfin ya ninku sau huɗu, idan ya ninku sau uku, ƙarfin ya ninku sau tara. Saboda haka motar da ke da burki mai kyau da tayoyi masu kyau, a kan busasshiyar kwalta, idan tana kan 50 za ta ja kamar mita 14 bayan an taka burki, idan tana kan 100 za ta ja kamar mita 55, idan kuwa tana kan 120 sai ta kusa mita 80. In aka haɗa da abin da aka ci kafin a taka burkin, mai 50 yana bukatar kamar mita 28 ya tsaya cik, mai 100 yana bukatar fiye da 80, mai 120 kuwa fiye da 110. Wannan fa lissafin mota lafiyayya ne a hanya lafiyayya, ba a zo ga maganar suɗaɗɗiyar taya, ko lodin da ya wuce kima, ko kwaltar da ruwan farko ya jiƙa ba.

Ina roƙon mai sauraro ya ba ni hankalinsa a nan, domin wannan misali shi ne zuciyar maganarmu. A ƙaddara motoci biyu ne suke tafe kafaɗa da kafaɗa a cikin gari, ɗaya tana kan 50 kamar yadda doka ta ce, ɗaya kuwa tana kan 65, abin da direba zai ce ai ɗan ƙari ne kawai ba wani gudu ba. Sai ga yaro ya faɗo titi yana bin ƙwallo, tsakaninsa da su mita 28. Direbobin nan biyu gwanaye ne, a lokaci ɗaya suka gan shi, a lokaci ɗaya suka taka burki. Mai 50 zai tsaya daf da yaron, a yi salati, a ja masa kunne, kowa ya kama gabansa. Mai 65 kuwa, sa'ad da zai iso inda yaron yake, motarsa tana tafiya ne da gudun da ya kusa kilomita 50 a awa, wato kamar wanda bai taka burki ba sam a haddin doka. Bambancin da ke tsakanin gidan da za a kwana da dariya da gidan da za a shimfiɗa tabarmar makoki shi ne wannan 15 ɗin da aka raina.

Abu na uku shi ne raunin jikin ɗan Adam. An ƙera motoci na zamani da ƙarfe mai ƙwari, an sa musu bel da jakar iska, amma ba wanda ya sake wa mutum haƙarƙari ko ƙoƙon kai, yadda aka halicci kakanninmu masu tafiya a ƙasa da bisa jaki haka muke. Wanda ya yi karo a kan gudun 50 daidai yake da wanda ya faɗo daga tsayin mita 10, kamar saman bene mai hawa uku, wanda ya yi karo a kan 100 kuwa daidai yake da wanda ya faɗo daga tsayin da ya kusa mita 40. Babu mai hankalin da zai ɗauki iyalinsa ya hau da su can ya tsaya a gefe yana wasa, amma ga shi kullum muna yin daidai da haka a kan titi ba tare da gabanmu ya faɗi ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce duk lokacin da matsakaicin gudu ya ƙaru da kashi 1 cikin 100, yiwuwar haɗarin da ke kai ga mutuwa tana ƙaruwa da kashi 4 cikin 100, kuma mai tafiya a ƙasa da mota ta buge a kan 65 ya fi wanda aka buge a kan 50 kusantar mutuwa har ninki huɗu da rabi.

Ban da waɗannan, gudu yana tauye wa direba ganinsa, domin gwargwadon yadda mota ke sauri, gwargwadon yadda ido ke kafewa can gaba ya daina lura da gefe, inda akuya, da mai keke, da tsohuwa mai tallar nono suke fitowa. Gudu yana sa mota ta ƙi bin umarnin sitiyari a kan kwana, musamman bas mai tsawo da aka ɗaure wa kaya a bisa. Gudu yana ƙara wa taya zafi a kan zafin kwalta, a watannin bazara kuwa, lokacin da rana ke dukan titi tun daga hantsi, tsohuwar taya ba ta da wuyar fashewa, kuma fashewar taya a kan 80 abu ne da direba natsattse kan iya shawo kansa, amma a kan 130 sai dai wani ikon Allah. Da dare kuma, fitilar ƙasa galibi ba ta haska abin da ya wuce mita 50 ko 60, alhali mai gudun 100 yana bukatar fiye da mita 80 kafin ya tsaya, ma'ana idan tirela ta lalace a gabansa ba alama ba fitila, lokacin da zai gan ta aikin gama ya riga ya gama.

(Ɗan kiɗa)

Jama'a masu sauraro, idan yanzu kuka kama mu, muna magana ne a kan wajibcin kiyaye haddin gudu a kan hanya. Yanzu kuma za mu juya ga uzurorin da ake kawowa, domin ba adalci ba ne a yi wa mutum wa'azi ba a saurari hujjarsa ba.

Uzuri na farko shi ne sauri. To, mu yi lissafi. Daga Kano zuwa Kaduna kamar kilomita 230 ne. Wanda ya riƙe 100 tun daga farko har ƙarshe zai yi awa biyu da minti 18, wanda ya riƙe 120 zai yi awa ɗaya da minti 55. Ribar duka minti 23 ce, wannan ma a takarda, domin a zahiri akwai shingen jami'ai, akwai manyan motoci, akwai garuruwan da dole a lafa, har ribar takan koma abin da bai taka kara ya karya ba. Amma a madadin waɗannan ƴan mintoci, bisa lissafin da muka ambata, ya ninka wa kansa da fasinjojinsa yiwuwar mutuwa kusan sau biyu, ya kuma ƙona man da ya fi na abokinsa, domin iska tana ƙara turjiya ne gwargwadon ƙaruwar gudu. A cikin gari abin ya fi zama abin takaici, domin a tafiyar kilomita 5, wanda ya yi 65 maimakon 50 bai ci ribar da ta kai minti ɗaya da rabi ba. Wane ciniki ne wannan, da za a ba da rai a karɓi minti ɗaya da rabi? Tun da daɗewa magabata suka ce sauri ya haifi nawa, kuma sannu ba ta hana zuwa.

Sa'an nan a tuna cewa hanyoyinmu ba a cikin dajin da ba kowa suke ba. Wanda ya taso daga Kano zai ratsa Kura, ya wuce Kwanar Gafan inda ake hadahadar tumatir da kayan gwari a lokacin rani, ya wuce Kwanar Ɗangora da Tashar Yari kafin ya ga Zariya, daga nan kuma ga Jaji, ga Mararrabar Jos. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan wurare gari ne na mutane, titi ya raba gida da gona, ya raba makaranta da unguwa, ya raba masallaci da kasuwa, kuma mutanen wurin ba su da zaɓi sai sun tsallaka, safe da yamma. Direba baƙo ne mai wucewa, su kuwa nan ne gidansu. Ladabin baƙo shi ne ya sassauta idan ya shigo ƙofar gidan mutane.

Uzuri na biyu shi ne gwaninta. Za ka ji direba yana cewa shekararsa kaza a kan hanya ko kaza bai taɓa takawa ba, doka ta ƴan koyo ce. Ba mu musanta gwaninta ba, kuma muna girmama duk wanda ya tsufa a kan wannan sana'a da mutuncinsa. Sai dai gwaninta ba ta rage nisan da burki ke bukata ko da taƙi ɗaya, ba ta sa fitila ta ƙara haske, ba ta kuma sanar da mutum abin da ke bayan kwana. Sau da yawa abin da ke haddasa haɗari ba a hannun direba ɗaya yake ba, kuskuren wani ne yake faɗo masa, kuma abin da ke ba shi damar kauce wa kuskuren wani shi ne sauran fili da sauran lokaci, waɗanda mai ƙure maleji ya riga ya sayar da su. Hasali ma, idan aka zauna da dattawan direbobi waɗanda suka yi shekara talatin ko arba'in suna kai jama'a suna dawowa, za a tarar abin da suka yi tarayya a kansa shi ne haƙuri, ba zafin ƙafa ba. Tsira ta jiya ba shaida ba ce a kan ta gobe, rahama ce aka yi wa mutum, kuma ba a saka wa rahama da ganganci.

Uzuri na uku shi ne wanda ya fi kowanne nauyi a zukatan jama'armu, wato a ce ai kowa da ajalinsa, in kwana ya ƙare ko a kan gado ne sai a tafi. Wannan magana gaskiya ce, amma an ajiye ta a inda ba wurinta ba. Imani da ƙaddara rukuni ne na addini, sai dai malamai sun karantar da mu cewa tawakkali ba ya kore riƙo da sababi, wanda ya yi watsi da sababi kuwa ya ce ya dogara ga Allah, sakaci ya yi ba tawakkali ba. Tarihi ya kiyaye mana cewa Sayyidina Umar ɗan Haɗɗabi, Allah ya yarda da shi, ya kama hanyar Sham tare da jama'a, da ya isa wani wuri da ake kira Sarg sai shugabannin rundunoni, cikinsu har da Abu Ubaida ɗan Jarrah, suka tarye shi da labarin cewa annoba ta ɓarke a can. Ya yi shawara da sahabbai, ya yanke hukuncin komawa Madina da mutanensa, da aka tambaye shi ko gudun ƙaddara yake yi, sai ya nuna cewa komawar ita ma cikin ƙaddarar Allah take. Idan wanda ya kai wannan matsayi na imani bai jefa jama'arsa cikin halaka da sunan ajali ba, ina hujjar wanda ya ɗauki rayuka goma sha takwas a bas ya take totur har ƙasa? Kuma in da gaske muke, me ya sa wanda ke faɗin haka yake kulle ƙofarsa da dare, yake shan magani in zazzaɓi ya kama shi?

Malaman usulu, irin su Imam Gazali da Imam Shaɗibi, sun bayyana cewa shari'a ta zo ne domin kiyaye abubuwa biyar na larura, addini, da rai, da hankali, da zuriya, da dukiya. Haɗarin mota ɗaya yana iya taɓa yawancinsu a lokaci guda, ya ɗauke rai, ya taɓa ƙwaƙwalwar wanda ya tsira, ya mai da ƴaƴa marayu, ya hallaka jarin da aka yi shekaru ana tarawa. Saboda haka ne Majalisar Fiƙihun Musulunci ta ƙungiyar ƙasashen Musulmi, a zamanta na takwas da ta yi a ƙasar Burunai a shekarar 1993, ta yanke cewa bin dokokin hanya waɗanda ba su saɓa wa shari'a ba wajibi ne, domin yana cikin ɗa'a ga shugabanni a kan abin da suka tsara saboda maslahar jama'a, ta halatta wa hukuma ladabtar da mai saɓawa har da tara, ta kuma tabbatar da cewa direba yana ɗaukar alhakin ɓarnar da ya jawo, sai fa idan abin ya auku ne ta hanyar da ba shi da ikon kauce mata. Kisan kuskure kuwa ba ƙaramin abu ba ne a shari'a, akwai diyya wadda asalinta raƙuma 100 ne, akwai kaffara ta azumin wata biyu a jere ga wanda bai sami bawan da zai ƴanta ba. Wannan ga wanda ya yi kuskure ke nan. To, ina ga wanda ya ga allo da idonsa, fasinja suka roƙe shi ya sassauta, ya yi kunnen uwar shegu da su? Babu wani addini ko al'ada tagari da ta ɗauki ran mutum da arha, kuma wanda ya shiga motarka ya ba ka amanar ransa ne har ka sauke shi.

Mai shakka zai iya tambaya ko rage gudu yana rage mutuwa a aikace, ko kuwa lissafin takarda ne. An jarraba an gani. A shekarar 1974, sakamakon ƙarancin man fetur da ya auka wa duniya, Amurka ta kafa dokar da ta hana wuce mil 55 a awa, wato kamar kilomita 89, a duk faɗin ƙasar. Manufar ita ce tsimin mai, amma sai ga shi waɗanda suka mutu a kan hanya sun ragu daga kimanin 54,000 a 1973 zuwa kimanin 45,000 a 1974. Gaskiya ne raguwar tafiye-tafiye ta ba da nata taimako, amma masu bincike sun yarda cewa rage gudun yana da kaso mai tsoka a cikin rayukan da suka kuɓuta.

Akwai kuma uzurori biyu da ya wajaba a dube su da idon tausayi. Na ɗaya, direban haya yana da balas da zai kai wa mai mota, ga tsadar mai, ga kuɗin tasha, ga iyali na jira, sai ya ga mafita ita ce ya ƙara sawu ɗaya a yini. A nan alhakin ba nasa ne shi kaɗai ba. Mai motar da ya yanka wa direbansa abin da ba zai samu ba sai da gudun wuce sa'a, ko ya sa aka cire na'urar taƙaita gudu, to ya sani yana da kamasho a cikin duk abin da ya biyo baya, kuma ranar da motar ta kife, ribar shekara ba za ta mayar da ita ba, balle ta mayar da rai. Na biyu, akwai hanyoyin da rashin tsaro ya sa kowa ke son ya fita daga cikinsu kafin duhu. Wannan tsoro ne na gaskiya, amma maganinsa sammako ne, da tafiya cikin ayari, da haƙura da tafiyar da ba ta zama dole ba idan yamma ta yi, ba a guje wa wata halaka a rungumi wata ba.

Wani abin da ya kamata a fahimta shi ne, lambar da ke kan allo iyaka ce ta sama, ba umarni ba ne cewa sai an kai ta. An yanka ta ne domin rana mai haske, da busasshiyar hanya, da mota lafiyayya. Idan hunturu ya shigo hazo ya rufe gari har ba a hango abin da ke gaba, ko damina ta sauka ruwa ya kwanta a kan kwalta, ko hanya ta cika da ramuka, ko makiyaya suna tsallakawa da shanu, ko an taso daga makaranta, ko ranar kasuwa ce, to mai hankali yakan sauko ƙasa da abin da aka rubuta ba sai an ce masa ba. Ƙa'idar da ba ta da togiya ita ce, kada ka yi gudun da ba za ka iya tsayawa a cikin nisan da idonka ke gani ba.

Ku kuma fasinjoji, ku ji tsoron Allah a kan direbobi. Sau da yawa daga kujerar baya ake jin mai cewa malam direba ka taka mana, muna da uzuri, har a riƙa yi wa mai natsuwa gori ana cewa tsoho ne ko matsoraci. Wanda ya zuga yana da rabonsa na alhaki. Idan kuwa direba ne ya wuce gona da iri, to shiru ba kunya ba ce, sakaci ne da rai, a yi masa magana da ladabi, a haɗa baki a gaya masa, in ya ƙi a sauka a gari na gaba a kai ƙararsa ga shugabannin tasha. Shugabannin ƙungiyoyin direbobi su daina yabon wanda ya riga kowa isa, su yabi wanda ya shekara bai jawo wa kowa kuka ba. Iyaye su daina miƙa makullin mota ko babur ga yaron da bai mallaki lasin ba, musamman a lokacin biki da sallah. Hukuma kuma ta sauke nata nauyin, ta kafa alluna inda babu, ta sabunta waɗanda suka goge, ta gyara hanyoyi, ta hukunta mai laifi ba sani ba sabo, domin dokar da aka ga manya na takawa ba ta da kwarjini a idon ƙanana.

Ɗan'uwa direba, abin da muke roƙonka kaɗan ne, kuma yana cikin ikonka tun daga yau. Ka san haddin irin motarka a kowace irin hanya. Ka riƙa duban maleji, kada ka dogara da yadda jikinka ke ji, domin wanda ya daɗe yana gudu yakan ji 80 kamar tafiyar ƙasa. Ka ɗaga ƙafa tun kafin ka shiga gari, ba sai ka tsinci kanka a tsakiyar jama'a ba. Ka fito da wuri domin kada lokaci ya matsa maka. Idan kuwa ka makara, ka karɓi makararka, domin wanda ke jiranka zai yi fushi ya huce, amma gidan da aka kai wa gawa ba ya komawa yadda yake. In kuka tarar da haɗari a hanya, lambar Hukumar Kiyaye Haɗurra ita ce 122, kiran kyauta ne.

Allah ya jiƙan waɗanda suka riga mu gidan gaskiya ta wannan hanya, ya ba masu jinya lafiya, ya ba iyalansu haƙuri, ya sanya albarka a sana'ar direbobinmu, ya kuma ba mu ikon riƙe amanar juna. A nan muka kawo ƙarshen shirinmu na yau.  

(Kiɗan rufe shiri)